Kundin aiki: zaɓen cip ɗin PD don allon rauta mai bakin USB-C

6 ga Janairu, 2025

Abin da za a haɗa ƙaramin allo ne mai karɓar wuta ta bakin USB-C bisa ƙa'idar PD (Power Delivery, hanyar da caja da kaya ke ciniki kan ƙarfin wuta), daga fawa banki ko cajar laftof, ya fitar da 12V tsayayye ga rautar intanet da akwatin faiba idan an ɗauke wuta. Awon da mita ta nuna: rauta tana jan 0.55A idan ta zauna, akwatin faiba 0.4A, lokacin tashi kuma su biyun sukan taɓa 1.2A na ɗan lokaci. Don haka an tsayar da 12V a 1.25A, wato 15W.

Sharuɗɗan da aka yanka tun yanzu: allon karɓa kawai zai yi, ba ya bayarwa. Babu batir a cikinsa, babu bayanai da za su bi ta D+ da D-. Idan zai yiwu kada a sa MCU, wato ƙaramin cip mai gudanar da manhaja, domin duk manhajar da aka rubuta sai an ci gaba da kula da ita. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne kada wata wuta da ba 12V ba ta isa ga rauta, ko wace irin caja aka soka.

9 ga Janairu

Kafin a duba kowane cip sai an san abin da caja take bayarwa. Da an soka igiya, caja tana neman rizista 5.1k tsakanin ƙafar CC, wadda caja da kaya ke magana ta kanta, da GND, wato ƙasa. Idan ta same ta sai ta saki 5V a kan VBUS, wayar da ke ɗauke da wuta, ta kuma aiko da jerin abin da take da shi, saƙon da ake kira Source_Capabilities, a kan wayar CC ɗin nan a gudun kilobit 300 a daƙiƙa. Mai karɓa ya zaɓi ɗaya ya aika Request, caja ta amsa da Accept, ta ɗaga wutar, sannan ta aiko PS_RDY. Cinikin ke nan. Idan Request bai iso cikin kimanin milisakan 30 ba, caja tana yin Hard Reset, ta sauke VBUS zuwa sifili ta fara daga farko.

Ga inda gizo ke saƙa: 12V ba dole ba ne a ƙa'idar PD. Caja da ta wuce 15W dole ta ba da 9V, wadda ta wuce 27W dole ta ƙara 15V, wadda ta wuce 45W dole ta ƙara 20V. Shi kuwa 12V ganin damar mai ƙera caja ne. Fawa banki masu 18W zuwa 22.5W da yawa suna da shi, cajojin laftof da yawa ba su da shi. Duk allon da ya dogara ga 12V kai tsaye zai yi aiki a gidan wani ya ƙi yi a gidan maƙwabcinsa.

Shawarar da aka tsayar: a nemi 15V, idan babu a nemi 9V, sannan a sa buck-boost, da'ira mai canza ƙarfin wuta, ya ɗaga ko ya sauke zuwa 12V. Waɗannan biyun sun game duk cajar da ta wuce 15W kuma take bin ƙa'ida. Ba a buƙatar 20V ko kaɗan, tunda duk mai 20V tana da 15V. A 9V, da ingancin 92 cikin ɗari, allon zai ja kusan 1.8A. A 15V bai kai 1.1A ba. Duka suna ƙasa da 3A, don haka babu zancen igiya mai cip na 5A.

11 ga Janairu

An gwada wani ƙaramin allon PD da ake sayarwa a haɗe, wanda ake saita shi a 12V. A fawa banki mai 22.5W ya fitar da 12V daidai. A cajar laftof mai 65W da ba ta da 12V ya sauka 9V ya miƙa wa rauta a haka: fitilu sun kama, amma da an fara jan intanet sosai sai ta sake tashi. Da igiyar USB-A zuwa USB-C kuwa 5V kawai. Ba laifinsa ba ne, iyakar abin da aka ƙera shi ya yi ke nan. Tambayar da za a yi wa kowane cip yanzu ita ce me yake yi idan bai samu abin da ya nema ba.

15 ga Janairu

CH224K na WCH shi ne mafi araha da sauƙin lika, ƙafa goma a jikin ESSOP. Rizista ɗaya a ƙafar CFG1 ke zaɓen wuta: 6.8k 9V, 24k 12V, 56k 15V, idan aka bar ta babu komai 20V. Yana cin wuta daga VBUS ta rizista 1k. Abin da ba shi da shi: ba a gaya masa yawan amfiya da kaya ke buƙata, ba shi da ƙafar da aka keɓe don tuƙa MOSFET, wato makunnin da ke buɗe wa kaya wuta, ƙafafun CC ɗinsa kuma ba su jure wutar VBUS mai girma idan suka haɗu. Da buck-boost a bayansa zai iya aikin nan, sai dai duk kariyar a waje za a gina ta.

FUSB302B na onsemi ba ya yanke shawarar komai. Yana aikawa da karɓar saƙonni a kan CC, yana amsa GoodCRC, saƙon tabbatar da isowa, da kansa, sauran cinikin kuwa MCU ke yi ta layin sadarwa na I2C a adireshi 0x22. Shi ke cikin ayan ɗin lika na Pinecil, kuma idan akwai MCU a allo tun asali zaɓi ne mai kyau. A nan zai jawo MCU da manhajar da dole ta kiyaye dukkan lokutan ƙa'ida. Haka ma STM32G071, wanda ke da sashen UCPD a cikinsa ana haɗa shi da TCPP01-M12 don kariya. Duka biyun sun faɗi a sharaɗin rashin MCU.

AP33772 na Diodes ya ja hankali saboda PPS, inda ake neman wuta a matakan 20mV, wato a nemi 12.00V kai tsaye a yar da buck-boost. Amma ba kowace caja ke da PPS ba, kuma na cajojin waya yawanci a 11V yake tsayawa. Ga shi shi ma sai da MCU. TPS25751 na TI kuwa na allon da ke karɓa yana kuma bayarwa ne, mai batir da cip ɗin caji a gefe. Ya fi ƙarfin aikin nan nesa.

Saura biyu da suka dace da gaske. CYPD3177, wanda Cypress ya fitar kafin Infineon ya saye shi a 2020, rizistoci kawai ake saita shi da su: VBUS_MIN da VBUS_MAX su yanka iyakar wuta, ISNK_COARSE da ISNK_FINE su faɗi amfiya. A sa 9V zuwa 15V, shi ke nan, babu abin da za a rubuta masa. Rauninsa a nan shi ne amfiya ɗaya ce ga kowace wuta, don haka idan aka sa 2A saboda 9V, to 15V ma sai mai 2A.

STUSB4500 na ST yana riƙe zaɓi uku, PDO1 zuwa PDO3, a ma'adanarsa da ba ta gogewa. PDO1 kullum 5V ne, sauran biyun kowanne da wutarsa da amfiyarsa. Yana farawa daga PDO3 ya gangaro. Yana da ƙafar VBUS_EN_SNK mai tuƙa MOSFET, da saitin POWER_ONLY_ABOVE_5V da ke hana ta buɗewa sai an daidaita a PDO2 ko PDO3. Ƙafafun CC suna jure 22V, na VBUS 28V. Ba shi da PPS, kuma karanta jerin caja daga cikinsa sai da gaggawa, domin saƙo na gaba yana goge shi cikin 'yan milisakan. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya shafi wannan allo.

An ɗauki STUSB4500. Dalili biyu: amfiya daban ga kowace wuta, da iya canza saiti ba tare da an ɗauki ayan ba, abin da ke da daraja a matakin gwaji. CYPD3177 yana nan a ajiye a rai don lokacin da za a yi da yawa.

18 ga Janairu

Zanen da'ira. Bakin USB-C mai ƙafa shida aka zaɓa, VBUS biyu, GND biyu, CC1 da CC2, ya fi mai ƙafa 16 sauƙin lika. A cikin bakin kansa VBUS yana daf da CC, A4 kusa da A5, tazarar rabin milimita. Ƙurar hunturu da ɗan danshi, ko igiyar da aka fizge a karkace, sun isa su haɗa su. Wannan ne ya sa jure wutar CC ya shiga lissafin zaɓen cip.

CC1 ya tafi ƙafar CC1 da CC1DB, CC2 ya tafi CC2 da CC2DB. Ƙafafun DB su ne ke nuna 5.1k tun cip bai samu wuta ba, idan babu su caja ba za ta saki 5V ba balle cip ya tashi. Kada a ƙara rizista 5.1k a waje. Za su haɗu su koma 2.55k, ƙarfin CC ya matso iyakar da caja ke ɗauka cewa igiya ce kawai babu kowa a bayanta. Kada kuma a haɗe CC1 da CC2 wuri guda: Raspberry Pi 4 na farko a 2019 rizista ɗaya ya sa wa duka biyun, sai igiyoyi masu cip suka riƙa hana shi samun wuta har aka gyara allon.

A kan VBUS kafin MOSFET, kafasita 4.7µF kawai, domin ƙa'ida ta ce tsakanin 1 da 10µF caja za ta gani lokacin sokawa. VREG_1V2 da VREG_2V7 kowanne 1µF. Dayod ɗin kariya ESDA25W a kan CC biyun. Dayod ɗin kariya na 5V a wurin nan zai ƙone ranar da VBUS ya taɓa CC.

TVS na VBUS, wato dayod mai danne wutar da ta yi tsalle: SMAJ16A. Yana fara wucewa daga 17.8V, yana danne wuta a 26V, ƙasa da 28V ɗin cip. Da ana neman 20V da sai SMAJ20A, wanda ke kaiwa 32.4V, ya wuce abin da cip ke jurewa. Riba ce daga barin 20V.

MOSFET biyu na P, baya da baya, don kada wutar kafasitocin ciki ta koma wa caja ta dayod ɗin jikin MOSFET. AO4407A aka sa. AO3401 ya fi ƙanƙanta da araha, amma iyakarsa tsakanin ƙafafunsa get da sos 12V ce, 15V zai huda shi idan babu dayod ɗin zena. Buck-boost ɗin TPS552892 ne, wanda ake saita shi da rizistoci. An bar ramuka huɗu a gefen allo don rubuta wa cip saiti: SDA, SCL, VSYS, GND.

21 ga Janairu

An tura allo biyar masu fuska biyu da odar kaya kafin masana'antun Sin su rufe don sabuwar shekararsu, wadda ta faɗo ranar 29 ga wata. STUSB4500 kusan dala 2 kowanne, buck-boost kusan dala 3, sauran kayan allo ɗaya kusan dala 3. Allunan kansu ba su kai dala 5 ba, kuɗin aikowa ya ninka na allunan sau da yawa. An ƙara CH224K biyar da CYPD3177 biyu a cikin odar don kwatanci.

3 ga Fabrairu

Kaya suna hanya. An rubuta ƙaramar manhajar Arduino da za ta rubuta saiti.

17 ga Fabrairu

Kaya sun iso, an lika allo biyu. Jikin STUSB4500 QFN ne mai ƙafa 24, milimita 4 a kowane gefe, an lika shi da injin iska mai zafi da dalma mai laushi. Dalma kaɗan a farantin tsakiya: idan ta yi yawa cip yana iyo a kanta, ƙafafun gefe su ɗaga. Iska a bushe take a wannan lokaci, jiki yana tara wuta, don haka a kan tabarmar da aka haɗa da ƙasa ake aikin. Ba a lika TVS ba tukuna.

19 ga Fabrairu

Dalilin barin TVS: cip yana zuwa daga masana'anta da PDO1 5V a 1.5A, PDO2 15V a 1.5A, PDO3 20V a 1A. Idan aka soka cajar laftof kafin a rubuta sabon saiti, zai nemi 20V ya samu, SMAJ16A kuma ya fara wucewa ya ƙone. Don haka sabon allo ana ba shi 3.3V ta VSYS, ko a yi amfani da igiyar A zuwa C wadda ba ta wuce 5V, a rubuta saiti, sannan a kai shi ga cajar PD.

Cip ya amsa a 0x28, ADDR0 da ADDR1 suna ƙasa. Ma'adanar sassa biyar ce, kowanne bayit takwas. Ana buɗe ta da rubuta 0x47 a rajista 0x95. A karanta duka bayit 40 a ajiye kwafi kafin a taɓa komai, domin sai an goge sashe kafin a rubuta shi, kuma akwai saitin masana'anta a gauraye da namu. Abin da aka rubuta: PDO uku, PDO2 9V a 2.25A, PDO3 15V a 1.25A, POWER_ONLY_ABOVE_5V a kunne. Sabon saiti ba ya aiki sai an yanke wutar cip gaba ɗaya an dawo da ita.

Don gwaji na ɗan lokaci ba sai an taɓa ma'adana ba. Ana rubuta PDO a rajistocin da suka fara daga 0x85, wuta a ma'aunin 50mV, amfiya a ma'aunin 10mA, wato 15V 300 ke nan, 9V 180. Sai a tura Soft Reset, 0x0D a 0x51 sannan 0x26 a 0x1A, caja ta sake aiko jerinta. Abin da aka daidaita a kai yana rajista 0x91.

22 ga Fabrairu

Gwajin farko a 15V. Da caja mai 65W komai lafiya, 12.05V a fita. Da mai 30W da fawa banki mai 45W kuwa wuta tana zuwa tana ɗaukewa kusan kowace daƙiƙa, ba ta zama.

Osiloskof a kan VBUS ya nuna 5V, sai hawa a hankali zuwa 15V, sai da VBUS_EN_SNK ya sauka ƙasa sannan wutar ta faɗi warwas, caja ta yanke. Cinikin yana kammaluwa lafiya, bayan sa ne abin ke lalacewa. Sanadin yana cikin saitin POWER_ONLY_ABOVE_5V kansa. Idan ba a kunna shi ba, MOSFET yana buɗewa tun a 5V, kafasitoci su bi hawan caja, wanda ƙa'ida ta taƙaita a 30mV kowane maikurosakan. Idan an kunna, MOSFET yana buɗewa ne kan cikakken 15V a kan kafasitoci wayam. Akwai kusan 150µF a bakin buck-boost, kuma get yana buɗewa cikin kimanin maikurosakan 100. 150µF sau 15V a raba da wannan lokaci ya haura 20A. Babbar caja tana da kafasitocin da za su shanye wannan, ƙaramar tana ganinsa a matsayin shot.

Gyara kashi uku. Na farko, rage kafasita. Ƙa'ida ta yarda da 100µF a mafi yawa bayan an daidaita, don haka an cire mai 100µF aka sa 47µF, da na yumɓu biyu masu 22µF 25V waɗanda a 15V ba su cika rabin abin da aka rubuta a jikinsu ba. Jimilla kusan 70µF.

Na biyu, jan lokacin buɗe MOSFET. 100k daga get zuwa VBUS_EN_SNK, 220k daga get zuwa sos, 33nF daga get zuwa ɓangaren fita. Yayin hawa, get yana tsaye kusan 3V ƙasa da sos, don haka abin da ke bi ta 33nF kusan 106µA ne, wato hawan 3.2V kowane milisakan. 15V zai ɗauki kusan milisakan 5, abin da kafasitoci ke ja kuma ya koma 0.22A. Da an gama, get yana zama 10.3V ƙasa da sos a 15V, 6.2V a 9V, duka sun isa. Sai dai 33nF ɗin yana jan get ƙasa lokacin da VBUS ke hawa, ya ɗan buɗe MOSFET kafin lokaci. Maganinsa 330nF tsakanin get da sos. Farashinsa shi ne rufewa ta yi nauyi, gomman milisakan, abin da za a duba a allo na biyu.

Na uku, buck-boost kada ya tashi sai hawan ya kusa ƙarewa. An sa rizistocin ƙafar EN su tashe shi a 8.2V.

24 ga Fabrairu

Bayan gyara, mai 30W da mai 45W duka sun zauna a 15V. An lika TVS a alluna biyun.

27 ga Fabrairu

Gwajin 9V. Cajar waya mai 20W da fawa banki mai 18W duka sun tsaya a 5V, MOSFET a rufe, ko da yake duka suna da 9V a jerinsu. Mai 25W ta yi aiki.

STUSB4500 yana karɓar zaɓin caja ne idan wutar ta zo daidai kuma amfiyar caja ta kai ko ta wuce wadda aka rubuta masa. An sa 2.25A don a bar sarari sama da 1.8A. Cajoji masu 20W kuwa 9V a 2.22A suke sanarwa, 20 a raba da 9. Bambancin 30mA ya isa ya sa cip ya tsallake ta. Masu 18W 2A suke sanarwa. Matakan amfiya a ma'adana rubu'i-rubu'i suke tafiya har zuwa 3A, don haka na ƙasa shi ne 2.00A. Da aka rubuta shi duka biyun suka kama. An kuma kunna REQ_SRC_CURRENT, wanda ke sa cip ya nemi duk amfiyar da caja ta sanar bayan an daidaita, don mai 2.22A ta ba da 2.22A ɗinta.

A lambar amfiya ta PDO, mafi ƙarancin abin da kaya za su rayu da shi ake rubutawa. Sararin da ake so a bari a wani wuri ake nemo shi.

5 ga Maris

An sayo igiyoyin C zuwa C iri-iri a kasuwar waya, daga masu naira 1,500 zuwa masu 6,000. A 15V babu wadda ta ba da matsala. A 9V da cikakken kaya, sirara biyu sun sa allon yana yankewa.

Ƙa'ida ta yarda igiya ta zubar da 500mV a VBUS da 250mV a GND idan tana ɗauke da iyakar amfiyarta. Mafi munin waɗannan ta zubar da kusan 1.1V a 1.9A kacal. Caja kuma an yarda mata ta sauka kashi 5 cikin ɗari, wato 8.55V. Abin da ke isowa allo bai kai 7.5V ba. Buck-boost yana ƙara dagula lamarin: wat ɗin da yake fitarwa ba ya canzawa, don haka wuta na sauka yana ƙara jan amfiya, igiya na ƙara zubarwa.

Wurare biyu ke yankewa. STUSB4500 yana sa ido a kan VBUS, kuma iyakarsa ta ƙasa ana saita ta tsakanin kashi 5 da 20 cikin ɗari ƙasa da wutar PDO. An kai ta 20, wato 7.2V a PDO2. Ƙafar EN ta buck-boost kuma an bar tashinta a 8.2V, an faɗaɗa tazarar faɗuwa zuwa 7V. Ɗaya daga cikin igiyoyin ta wuce da haka. Ɗayar har yanzu tana yankewa, kuma an bar ta a haka da gangan: a 7V allon zai nemi fiye da 2.3A, ya wuce abin da aka yi ciniki a kai, igiyar ma kanta tana ɗumi a hannu.

Igiyar A zuwa C ba ta da hanyar PD ko kaɗan, rizista 56k ce kawai a cikinta. Cajojin waya masu bakin A da ke ɗaga wuta ta D+ da D- ba za su yi aiki da wannan allo ba. An ƙara fitila ja a ƙafar GPIO ta cip don mai amfani ya san cajar ce ba ta dace ba.

10 ga Maris

Gwajin zafi a rufaffen akwatin roba, ɗaki a digiri 37, kaya 1.25A, wuni guda. A 15V buck-boost ya tsaya a digiri 61, a 9V 74. MOSFET da STUSB4500 ko ɗumi sosai ba su yi ba. Za a faɗaɗa tagullar ƙarƙashin buck-boost.

14 ga Maris

Matsalar da babu cip ɗin da zai magance ta. Idan fawa banki yana caji ta baki ɗaya yana ba allon wuta ta ɗayan, to duk lokacin da aka kawo wuta ko aka ɗauke, yawancinsu suna yanke fitarwa su sake ciniki. Haka cajoji masu baki biyu ko uku suke yi idan aka soka wata waya, domin su sake raba wat. Idan ta hanyar Hard Reset ne, VBUS yana sauka sifili, kuma ƙa'ida ta sa caja ta jira tsakanin 0.66 da daƙiƙa 1 kafin ta dawo da 5V, sannan a sake ciniki. Rauta ta mutu ta sake tashi, intanet ya yanke na minti biyu.

Lissafin riƙe wuta da kafasita: kaya suna cin kusan 11.5W, na daƙiƙa ɗaya da rabi jul 17 ke nan. Idan aka yarda 12V ya sauka zuwa 9V, kowane farad ɗaya yana ba da jul 31.5. Ana buƙatar fiye da rabin farad, wato sama da 500,000µF. Da kafasita na yau da kullum ba zai yiwu ba. Sufakafasita shida a jere da da'irar daidaita su za su yi, amma kuɗinsu ya kusa na ƙananan batura.

Don haka allon nan na fawa banki ne da aka cire daga caji, ko caja mai baki ɗaya a kan inbata. Wanda zai riƙe rauta ba yankewa dole ya kasance da batir nasa, kuma a nan ne TPS25751 da cip ɗin caji irin BQ25792 suke da wuri. Wannan wani aiki ne daban.

18 ga Maris

An gwada CYPD3177 a ƙaramin allo na gefe, VBUS_MIN 9V, VBUS_MAX 15V, amfiya 2A, da MOSFET da buck-boost ɗin allon farko. Ya kama da duk cajojin da ke hannu, kuma yana ɗaukar 12V idan shi ne mafi girma a jerin caja, abin da ke rage jan amfiya a fawa banki masu 12V idan amfiyarsu ta kai. Masu 12V a 1.5A ko 1.67A yana tsallake su ya sauka 9V, saboda amfiya ɗayan nan.

Kuɗin kayan allo ɗaya yanzu kusan dala 9 ne ban da aikowa da akwati. CH224K zai rage kusan dala ɗaya da rabi, amma kariyar CC da tuƙin MOSFET da za a ƙara masa za su cinye mafi yawan ragin. Tsakanin sauran biyun bambancin kuɗi kaɗan ne. Abin da ya raba su shi ne kowane STUSB4500 sai an rubuta masa saiti, kuma wanda aka manta zai nemi 20V a kan TVS na 16V.

Allo na biyu, guda 20: a ci gaba da STUSB4500, da madannin allura huɗu don rubutawa da karanta saiti kafin allo ya bar teburi. MOSFET biyu da kayan get ɗinsu za a maye su da eFuse, wato cip mai aikin makunni da fis a haɗe, mai jure sama da 20V, mai ƙafar saita hawa, don a samu saurin rufewa. Za a sa fis na 3A a bakin shiga saboda ranar da TVS ya ƙone ya haɗe. Idan oda ta wuce ɗari, a sake zanen da CYPD3177. Za a tura fayilolin allo bayan an gwada eFuse ɗin a 9V da igiya mai zubar da wuta.